Majalisar mashawarta a kamfani: ina shawara ta tsaya, ina umarni ya fara?

Malam Bashiru, Asawase:
Assalamu alaikum. Ga wata magana da ke yawan tasowa a kamfanonin mutanenmu na nan Kumasi, ina so masana su warware mana ita. A ɗauki kamfani irin wanda kowa ya sani: Alhaji ne ya kafa shi, yana shigo da kayan gyaran mota ta tashar jiragen ruwa ta Tema yana rabawa a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan gyaran mota, ko yana sayen masara a Techiman yana kai wa masu gidan kaji. A takardar rajista daraktoci biyu ne, shi da babban ɗansa. Kasuwa ta buɗe, ma'aikata sun kai talatin, ana neman rance ko mai zuba jari, sai a ce masa ya kafa majalisar mashawarta. To me wannan majalisa za ta yi wanda hukumar daraktoci ba ta yi? Kuma idan shawararta ta jefa kamfani a rami, wuyan wa za a kama?

Lauya Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara da abin da doka ta sani. Dokar Kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, wadda ta maye gurbin ta 1963, ta san masu hannun jari, ta san daraktoci, ta san sakataren kamfani da mai binciken kuɗi. Ta wajabta daraktoci aƙalla biyu, ɗaya daga cikinsu mazaunin Gana. Majalisar mashawarta kuwa ba a wajabta wa irin wannan kamfani ita ba. Ba a kai sunayen mambobinta ofishin Rajistaran Kamfanoni. Ba ta da ƙuri'a, ba ta sa hannu a bayanan kuɗi na shekara, ba ta ɗaukar manaja ko sallamarsa, ba ta ɗaure kamfani da kwangila. Daraktoci ne ke kafa ta da ƙudurinsu, su ne kuma za su iya rushe ta gobe da safe.

Saboda haka tambayarka ta biyu ba ta da wuya: amanar kamfani a wuyan darakta take, kuma ba ta sauka don ya ji shawarar wani. Shi ya auna, shi ya yarda, shi ya aiwatar. Amfaninta kuwa a nan yake: mutum mai ilimi da mutunci da ba zai yarda ya zama darakta a kamfanin da bai san cikin littattafansa ba, zai iya yarda ya zauna sau huɗu a shekara ya faɗi abin da ya gani. Kamfani ya samu basirarsa, shi kuma bai ɗauki nauyin da bai shirya wa ba.

Alhaji Tanko, Alabar:
'Yata, na ji bayaninki, kuma a takarda daidai ne. Amma shawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin da ayari ke tasowa daga Kano zuwa Salaga neman goro, madugu ba ya yanke hanya shi kaɗai; yana jin ta bakin jagaba, yana jin ta bakin maigidan da zai sauke shi ya nemo masa dillali. Shawara ɗaukar ɗaki ce, mun san wannan.

Abin da ke damuna shi ne yadda za ta kasance a zahiri a Zango. Hanya biyu ce kawai nake hange. Ko Alhaji ya zaɓi waɗanda ke ƙasa da shi, masu cin arziki a gidansa, su zo su zauna a kan kujerun roba a ofis, a kawo shinkafa da lemo, ya yi magana awa guda, kowa ya ce "gaskiya ne, Alhaji", a yi addu'a a watse. Wannan ɓata lokaci ne da kuɗi. Ko kuma ya zaɓi manya, yayansa, surukinsa, wani dattijo da ya taɓa ba shi jari, waɗanda idan sun buɗe baki ba a musa musu. A nan sunanta shawara, amma umarni ne. Wane ɗa ne a Aboabo zai kalli ƙanin mahaifinsa ya ce "Baba, mun ji, amma ba za mu yi ba"? To ku gaya mini ta uku, idan akwai.

Lauya Hadiza:
Baba, ka taɓo inda tarkon yake. Sashe na 170 na dokar bai dubi sunan da aka ba mutum ba, aikin da yake yi ya duba. Mutum biyu ne ke faɗawa ciki ko da ba a taɓa naɗa su ba. Na farko, wanda ya nuna kansa a matsayin darakta, ko ya bari aka nuna shi haka yana sane. Na biyu, wanda daraktocin gaskiya suka saba aiki da umarninsa. Dukansu doka na ɗora musu nauyi da alhakin darakta. Shi ne ake kira daraktan bayan fage.

Kalmar da za a riƙe ita ce "saba". Bin shawarar mutum sau ɗaya ko sau biyar ba laifi ba ne. Amma a ce shekara uku ba a taɓa sayen kwantena ba sai ƙanin Alhaji ya ce a saya, ba a ɗauki rance ba sai ya ɗaga kai, kuma rubutaccen bayanin taro yana cewa "majalisa ta amince", "majalisa ta ba da umarni". Ranar da kamfani ya kasa biyan bashi aka naɗa mai karkasa kadarorinsa, waɗannan takardu ne zai buɗe, kuma dattijon da ya zo taimako don Allah zai tsinci sunansa a shari'a. Wasu na karanta littattafan Ingila su ga dokarsu ta 2006 ta keɓe mai ba da shawara a bisa sana'arsa, su ɗauka sun tsira. Dattijon gida ba lauya ba ne, ba akanta ba ne, kuma a Kumasi muke. A kare shi da yadda ake gudanar da aiki.

Ga yadda ake yi. Kada kalmar "darakta" ta hau katinsa, ko kan takardar kamfani, ko shafin intanet, ko da an liƙa mata wata kalma a gaba kamar "na musamman" ko "mai ba da shawara". Kada ya zama mai sa hannu a asusun banki. Kada ya kira manajan sito ya ce a saki kaya. Kada a haɗa zaman mashawarta da zaman daraktoci a takarda ɗaya, ko da a rana ɗaya aka yi su. Mashawarta su zauna da safe, a rubuta "sun ba da shawarar a rage bashin da ake ba dillalai zuwa kwana 30". Daraktoci su zauna daban, su rubuta cewa sun duba shawarar, sun karɓa ko sun ƙi, da dalili a layi biyu.

Malam Bashiru, Asawase:
Lauya, ke nan ƙin shawara a rubuce ma kariya ce ga mai ba da ita?

Lauya Hadiza:
Ƙwarai kuwa. Fayil ɗin da ke nuna an karɓi bakwai an ƙi uku da hujja, shi ne shaidar cewa daraktoci na amfani da kansu. Ba cewa nake a ƙi shawara mai kyau don a cika takarda ba. Amma idan shekara biyu ta wuce ba a taɓa saɓa wa majalisa ba ko sau ɗaya, a tsaya a duba: ko dai ba ta faɗar komai mai nauyi, ko kuma ta riga ta zama ita ce hukuma.

Hajiya Asabe:
Bari in shigo ta ƙofar banki, tunda Malam Bashiru ya ce don rance ake kafa ta. Jami'in rance ba ya ba da kuɗi saboda jerin sunaye. Abin da ke gabansa: bayanan kuɗi da aka bincika na shekarun baya, shige da ficen asusu, jingina, takardar shaidar biyan haraji daga GRA, hukumar haraji ta Gana, ko kamfani na miƙa rahotonsa na shekara ga Rajistara, da ƙudurin daraktoci na karɓar rancen. Sau da yawa kuma sai an nemi daraktoci su tsaya wa bashin da kansu. Mai ba da shawara kada ya kuskura ya sa hannu a wannan takarda ta tsayawa. Wanda ya sa, bashi ya hau kansa kai tsaye, ba sai an je ga maganar daraktan bayan fage ba.

Inda majalisa ke taimakawa shi ne ta gyara waɗannan abubuwa kafin a je banki. Misali, wani ya tambayi Alhaji a gaban ɗansa: kuɗin makarantar yara da kuɗin kujerar Makka daga wane asusu suke fita? Idan daga na kamfani ne, a raba su yau. Ma'aikaci ba zai iya yin wannan tambaya ba. Ɗa ma ba zai iya ba.

Kuma kada mu manta da abin da ya faru a ƙasar nan. A watan Agusta na 2017 Babban Bankin Gana ya soke lasisin bankunan UT da Capital. A Agustan 2018 aka haɗe bankuna biyar aka kafa Consolidated Bank Ghana, a farkon 2019 wasu biyu suka bi. A watan Mayu na 2019 aka soke lasisin ƙananan cibiyoyin rance 347, kuma mutanenmu da yawa na da ajiya a irinsu. Cikin dalilan da Babban Banki ya yi ta nanatawa akwai raunin shugabanci da bai wa masu hannun jari da makusantansu kuɗin masu ajiya. Waɗannan wurare suna da hukumomin daraktoci cikakku, da mutane masu suna a kai. Shi ya sa umarnin da Babban Banki ya fitar a 2018 ya tsaya a kan hukumar kanta: a raba kujerar shugaban hukuma da ta manajan darakta, a ƙayyade wa'adi, a sa daraktoci masu zaman kansu. Idan hukumar da doka ta ba haƙori ta kasa cewa a'a, majalisar da ba ta da haƙori ba za ta cike gurbinta ba. A gyara hukuma tukuna.

Mamuda Akanta, Suame:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni kuma zan amsa wa Baba Tanko, don hanya ta uku tana nan, sai dai aiki ce.

Ba da sunaye ake farawa ba. Daraktoci su zauna su rubuta abu biyu ko uku da ke hana su barci a wata goma sha takwas masu zuwa. Ga mai shigo da kaya: canjin dala, kuɗin fito a Tema, da bashin da ke hannun dillalai. Ga mai masara: danshi da ƙwari a sito, farashi tsakanin kaka da bazara, da masu gidan kaji da ke karɓa ba su biya. Kowace matsala a nemo mata mutum ɗaya da ya yi shekaru a cikinta. Mutum uku zuwa biyar sun isa. Sun haura haka, zama ya koma jawabi.

Sannan takardar sharuɗɗa, shafi biyu kacal: dalilin kafa majalisa, cewa shawara ce ba hukunci ba, wa'adi, yawan zama, alawus, riƙe sirri, bayyana duk wata alaƙar kasuwanci da kamfani, da yadda kowane ɓangare zai iya janyewa. Kowa ya sa hannu a wasiƙar naɗinsa.

Zama huɗu a shekara, awa biyu zuwa uku. Kwana bakwai kafin zama a aika musu da takardu, kada su wuce shafi goma: ciniki da riba na wata uku idan aka gwada da na bara, kuɗin da ke hannu da hasashen mako goma sha uku masu zuwa, jerin masu bashi an kasa su kwana 30, 60, 90 da abin da ya haura, kayan da suka wuce wata shida a sito, da bashin da ake bin kamfani da dala. A shafin farko a rubuta tambayoyi biyu da ake son amsarsu. A ajiye wayoyi. Minti goma sha biyar na farko a bi shawarwarin zaman baya ɗaya bayan ɗaya: wannan an yi, wannan ba a yi ba, ga dalili.

Dubi abin da shafin dala kaɗai zai iya yi. A farkon 2022 dala na kusan sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba. A ce ɗan kasuwa ya karɓi kaya na dala 40,000 bashi a farkon shekara, ya lissafa sidi 240,000, ya sayar wa dillalai bashi da sidi. Ranar biya yana neman sidi 520,000. A littafi ya ci riba, a aljihu jari ya narke. Mutum ɗaya da ya san harkar kuɗi zai ga wannan a zama na farko: ka sa farashi bisa abin da za ka sake sayen kayan, ka taƙaita kwanakin bashi, ka riƙa biyan mai kaya kashi-kashi da zarar kuɗi sun shigo. Ba sihiri ba ne. Mai shago da ke tsaye daga asuba zuwa magariba ne ba ya samun sararin ɗaga kai.

Maganar kuɗi kuma: a biya su. Shawarar kyauta ba a iya tuhumarta, ba a iya cewa "Malam, ba ka karanta takardun ba". A ce sidi 2,000 kowane zama, mutum huɗu, zama huɗu, sidi 32,000 ke nan a shekara, ban da abinci da mota. A biya ta banki, a cire harajin da ake riƙewa a miƙa wa GRA kafin 15 ga wata mai bi. A lura: alawus ɗin darakta ko mamban hukuma kashi 20 cikin 100 ake riƙewa, kuɗin hidima kuwa kashi 7.5. A kan sidi 2,000, 400 ke nan ko 150. Akantan kamfani ya tsayar da ajin da biyan ya faɗa tun kafin a biya na farko, kuma kalmomin wasiƙar naɗi su dace da shi.

Alhaji Tanko, Alabar:
Mamuda, Allah ya yi maka albarka, wannan ya shiga kunne. Amma ka ce a miƙa wa baƙo takardar da ke nuna nawa nake sayen kaya da wurin wa. A Magazine sirrin ɗan kasuwa bai wuce wannan ba: sunan mai kayansa a Sin ko Dubai, da farashin da yake samu. Wanda ya san harkar da har zai ba ni shawara, ai ko dai abokin takara ne ko ɗan uwan abokin takara.

Mamuda Akanta, Suame:
Haka ne, Baba, shi ya sa ba a ɗauko mai sayar da irin kayanka. A ɗauko na gefe: tsohon jami'in kwastan ko wakilin fito da ya san yadda ake ƙiyasta kaya, wanda ya riƙe sito a babban kamfanin rarraba kaya, wanda ya yi aikin rance. A takardun kuma a sa lamba a madadin suna: mai kaya na 1, dillali na 7. Don mutum ya gane cewa dillali ɗaya na riƙe da kashi 40 cikin 100 na bashinka, ba sai ya san sunansa ba.

Hajiya Asabe:
A nan zan ƙara abin da Mamuda bai faɗa ba, wataƙila don ya shafi sana'arsa. Mai binciken kuɗin kamfani kada ya zauna a majalisar. Ba zai ba da shawara a watan Maris ya dawo a Disamba ya binciki sakamakon shawararsa ba. Dokar 2019 ma da ta ƙayyade masa shekara shida, don kare 'yancinsa ne. Lauyan da kamfani ke biya da manajan bankin da ke riƙe da asusunku su ma a gayyace su idan ana bukatarsu, su yi bayani su tafi. Wanda ke sayar wa kamfani wani abu, shawararsa za ta karkata wajen abin da yake sayarwa ko da shi mutumin kirki ne.

Mamuda Akanta, Suame:
Na yarda da batun mai bincike ɗari bisa ɗari, Hajiya. A kan lauya ne nake da ja: a ƙaramin kamfani sau da yawa shi kaɗai ne ya san tarihin takardun filaye da kwangiloli. A bar shi ya halarta ba a matsayin mamba ba, kuma kada a biya shi sau biyu.

Nura:
Iyayena, ku ba ni dama in kawo ɓangaren matasa masu kamfanonin fasaha a Akra da nan kusa da jami'ar KNUST. Su ba su da kuɗin alawus, sai su biya da hannun jari. Abin da aka saba shi ne tsakanin kashi 0.25 zuwa kashi 1 cikin 100 ga mutum ɗaya, kuma ba a ba shi a dunƙule. Yana mallakarsa kaɗan-kaɗan cikin shekara biyu, idan ya daina zuwa abin da ya rage ya koma. Kuskuren da ake yi shi ne a ba mutum kashi 5 ranar farko saboda sunansa, a yi masa rajista, ya ɓace. Hannun jari ba alawus ba ne: mai shi yana da ƙuri'a a babban taro, kuma idan ya rasu magadansa ne a kujerar. Ga kamfanin iyali irin wanda Malam Bashiru ya kawo, ni ban ga dalilin ba da hannun jari ba sam.

Batun manyan sunaye kuma, a tuna da Theranos a Amurka, kamfanin da ya ce zai yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini. Tsofaffin sakatarorin harkokin waje biyu, Henry Kissinger da George Shultz, sun zauna a hukumarsa. Sunayen sun jawo masu zuba jari, amma na'urar ba ta yin abin da aka ce, kuma a Janairun 2022 kotu ta sami shugabar kamfanin, Elizabeth Holmes, da laifin damfarar masu jari. Wanda ya kamata ya zauna a wurin shi ne masanin gwajin jini da zai ce a kunna na'urar a gabansa. Haka mai sarrafa man kaɗe ko yaji a nan: wanda ya san sharuɗɗan Hukumar Abinci da Magunguna da na Hukumar Ma'auni ya fi masa tsohon minista amfani.

Malam Idi, Sabon Zango:
Madalla da wannan zama. Ina so in raba abu biyu da ake cakuɗawa, don wasu 'yan kasuwarmu na son sa malami a majalisa. A harkar kuɗi ta Musulunci akwai kwamitin malamai da a wasu ƙasashe ake kira na ba da shawara. A Najeriya, bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 yana da irinsa, Babban Bankin Najeriya ma yana da majalisar ƙwararru a sama. Amma bisa ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, malaman kada su gaza uku, kuma hukuncinsu a kan halal da haram yana ɗaure cibiyar. Suna ɗaya, aiki daban. Saboda haka wanda ya sa malami a majalisar kamfaninsa ya rubuta tun farko: a kan me ake tambayarsa, kuma idan ya ce wannan ciniki riba ce, me za a yi? Idan an yi niyyar bi, a sa shi a tsarin mulkin kamfani cewa ba a shiga irin wannan mu'amala, daraktoci su ɗauru da shi ta hanyar doka. Idan ba a yi niyya ba, kada a ɗauki hoton malami a sa a talla ana jawo amanar mutane da rawaninsa.

Ga damuwar Alhaji Tanko kuma, aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta jera abin a tsare: a yi shawara da su cikin al'amari, sannan idan ka ƙudurta ka dogara ga Allah. Shawara tasu ce, ƙuduri na wanda aka ɗora wa nauyi. A karanta wa dattawa wannan a zaman farko. Wanda ya ji shi daga nan ba zai ɗauki ƙin shawararsa a matsayin raini ba.

Hajiya Asabe:
Allah ya gafarta Malam, tunda kana nan, a taɓa maganar da ba a son taɓawa: bayan Alhaji. Kamfanonin Zango nawa ne suka kai jikoki? Shaguna a Adum da Kejetia da aka san su da suna, mai su ya rasu, shekara biyu ba a cika ba an raba kaya an rufe ƙofa. A kamfani mai rajista abin da ake gada hannun jari ne, ba sito ko mota ba. Kuma idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar gado ta 1985, PNDCL 111, tana nan tana jira, rabonta kuma ba irin na Musulunci ba ne. Daraktoci biyu ne, ɗaya ya tafi, ɗan da ya rage ba ya cika adadin da doka ta ce, wataƙila ma Alhaji kaɗai ke sa hannu a banki, albashi ya tsaya.

Wannan shi ne aikin da majalisa ta fi kowa iya yi, don matar Alhaji ba za ta tayar da shi ba, 'ya'ya ba za su iya ba. Su sa shi a ajanda sau ɗaya a shekara: an ƙara darakta na uku? Akwai mai sa hannu na biyu? An rubuta wasiyya da lauya da malami tare? Akwai yarjejeniyar masu hannun jari da ta ce idan magaji na son sayarwa sai ya fara tallata wa 'yan uwansa, da yadda za a yi wa hannun jarin kuɗi? 'Ya'ya mata da na ɗakin amarya sun san abin da ke cikin kamfanin? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhaji Tanko, Alabar:
Hajiya, wannan ta taɓa zuciya. Na karɓi hanya ta uku. Saura abu ɗaya. A ce an yi kuskure an sa dattijo, ko mutum ya zo da ƙarfi shekarar farko ya koma zuwa cin abinci kawai. A Zango ba a korar babba. Yaya za a yi a raba gari ba a ɓata zumunci ba?

Lauya Hadiza:
Baba, a wasiƙar naɗi ake maganin wannan, tun ranar da ake dariya. A rubuta wa'adi na shekara ɗaya ga zagayen farko, shekara biyu bayan haka, kuma yana ƙarewa da kansa sai idan daraktoci sun sabunta a rubuce. Ka ga babu kora ke nan. Wa'adi ne ya cika, a kai masa wasiƙar godiya da goro har gida. A ƙara layi ɗaya: wanda ya rasa zama biyu a jere ba uzuri, an ɗauka ya ajiye. A karkasa wa'adin kuma, kada na kowa ya ƙare rana ɗaya, don kada sabbi su zo ba wanda ya san abin da aka tattauna bara.

'Yan uwa na jini kuwa a ba su nasu dandalin daban, taron iyali sau ɗaya ko biyu a shekara, inda za a gaya musu halin da kamfani ke ciki, su faɗi ra'ayinsu a matsayinsu na iyali ko masu hannun jari. Girmansu ya tsira, majalisar mashawarta kuma ta zauna ga masu sana'a. Shugabancin zaman ma kada Alhaji ya riƙe. Ɗaya daga cikin mashawartan ya jagoranta, a fara jin ta bakin mafi ƙanƙanta, Alhaji ya yi magana a ƙarshe, don idan ya fara babu mai saɓa masa.

Wanda kuma aka zauna da shi shekara biyu aka ga kamfani ba ya iya motsi sai da shi, a daina kiransa mai shawara. A tambaye shi ko zai karɓi kujerar darakta. Idan ya yarda, ya ba da amincewarsa a rubuce, ya yi rantsuwar da doka ta nema, a miƙa sunansa ga Rajistara, a sanar da banki.